Ɗiyar Fari a Littafin Hawan Jini

Ni ban taɓa cewa zan yi rubutu ba, sa ni aka yi. Shekara biyu da suka wuce na je asibiti a nan Tambuwal da ciwon kai da jiri. Wata malamar asibiti ta ɗaura mini abin awon nan a dantse, ta matsa, ta dubi lamba, ta dube ni, ta ce, "Hajiya, da wa kike faɗa?" Na ce ni ban je Makka ba tukuna, kuma ba na faɗa da kowa. Ta ce to jinina dai ya hau, kuma ba banza ya hau ba. Ta ba ni ƙwayoyi, ta hana ni gishiri, sannan ta tambaye ni ko na iya rubutu. Na ce na gama firamare a Jabo, kada ta raina ni. Ta yi dariya ta ce in nemi littafi, kullum in rubuta abin da na ci da abin da ya ɓata mini rai, in kawo mata bayan wata guda.

Na yi yadda ta ce. Da wata ya cika na saka littafina cikin hijabi na koma, aka ce an yi mata canjin wurin aiki. Wanda na tarar a kujerarta ko buɗe littafin bai yi ba, cewa ya yi in ci gaba da shan magani. Haushi ya kama ni. Wata guda ina wahala da biro, a ce ba mai dubawa? Don haushin nan na ci gaba da rubutun, wallahi ba don wani hankali ba.

Bayan la'asar nake yi, in na ɗora ruwan tuwo, kafin ya tafasa. Abubuwan da ke shafukan farko abin dariya ne. "Koko da ƙosai. Tuwon dawa miyar kuka. Akuyar maƙwabta ta cinye mini zogale." Wata rana kuma: "Fura. Maigida ya ce miya ba gishiri, alhali shi ya kai ni asibitin." Irin wannan dai. Amma akwai ranakun da in na gama rubuta abinci sai in zauna biro a hannu, ƙirjina ya yi nauyi, in duba gidan kaf ban ga wanda ya yi mini laifi ba. A irin ranakun nan sai in rubuta, "Raina ya ɓaci, ban san dalili ba."

Wata rana da aka yini ana ruwa, ba shanya ba fita, na ɗauko littafin na karanta tun daga farko. Na iske "ban san dalili ba" ɗin nan ya yi yawa. Na shiga duba me kuma na rubuta a ranakun. A ɗaya na sa, "Baƙi daga Kebbe." A wata, "Waccan ta kira babanta a waya." A wata kuma, gidan biki ne na je, na ga wata mata da babbar ɗiyarta suna cin shinkafa a kwano ɗaya suna gardamar ɗinki. Na rufe littafin na tura shi cikin tsohuwar kwalla ƙarƙashin gado, na kwana uku ban taɓa shi ba.

Waccan ɗin ɗiyata ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ke nan, kuma da ita ake gane ɗiyar mutunci. A Fakku aka yi mini aure, gidan noma da shanu, inda kunyar ta fi ta ko'ina tsanani. Da aka yaye yarinyar, uwar mijina ta ɗauke ta, mu kuma muka taso Tambuwal saboda sana'ar hatsi da maigida ya kama. Can ta girma. Tsohuwar take kira Inna. Ni kuwa Adda take ce mini, yadda ƙannen babanta ke kirana. Na haifi biyar bayanta, ina yi musu tsawa, ina yi musu kitso, ina dungure musu kai, ina kiran sunansu har maƙwabta su ji. Ita in ta zo da salla sai ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon murhu. Ta yi aure a Kebbe da wanda ta zaɓa da kanta, wani tela, bayan tsohuwar ta rasu da shekara ɗaya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni ban san ina da wata damuwa a kanta ba. Da za a ce in rantse, da na rantse cewa lafiya lau nake. Kowa haka ya yi, uwata ma haka ta yi wa babbar yayarmu. To mene ne nawa na ciwon kai? Sai ga shi da hannuna, da birona, na bar sawun abin a takarda ba tare da na sani ba. Kuma ko a littafin da ba mai karantawa, "waccan" nake rubutawa. Na gwada sa sunanta sau ɗaya, hannuna ya ƙi tafiya. A nan ma ba zan sa ba.

Ana nan sai ta samu ciki. Da ya shiga wata bakwai ta zo awo Tambuwal, tare da goggonta, ƙanwar maigida, wadda ke aure a Fakku. Al'ada ce mai cikin fari ta koma gida goyon ciki, ta haihu a can, a yi mata wankan jego na kwana arba'in. Tun da na ji labarin cikin nake lissafin abin a raina. Tsohuwa ta rasu, to gida kuma ina ne in ba nan ba? Har itace na fara tarawa a bayan ɗaki, na ce wa yara na damina ne. Na sa an share ɗakin da muke ajiye buhuna, na ce ɓeraye ne suka dame ni.

Bayan azahar muna zaune a rumfa, maigida ya gyara murya ya ce, "To, ina za ta zauna, nan ko Fakku?" Ya dube ni.

Na ce, "Ina ruwana? Ku kai ta inda kunka ga dama."

Don Allah a fahimce ni. Haka ake yi. Uwa ta ce ina ruwanta, manya su ce haba, su matsa mata, ta ƙi, su sake matsawa, sannan ta karɓa tana ɓata fuska, kowa ya tashi da mutuncinsa. Da tsohuwa na da rai, ta san wannan sarai, da ta ce, "Ke rufe mana baki, nan za ta zauna." Amma goggon nan na girme ta da shekara biyar, kuma Allah bai yi ta da jan magana ba. Sai cewa ta yi, "Shi ke nan, ni na ɗauka." Gogan naku kuwa ya ce, "Allah shi yi albarka," ya zura takalmansa ya tafi kasuwa. Na juya, ga yarinyar zaune a ƙofar madafa tana tsinke zogale. Ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da tsinkar ganyenta.

Da suka tafi na ɗauko littafin. Na rubuta, "Ban ci komai ba." Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai da na cika shafi huɗu, ruwan tuwo ya ƙone a tukunya. Da maigida na fara. Na wanke shi tas, mutumin da ya shekara ashirin da ɗaya da mace bai san lokacin da a'arta take nufin i ba. Da na gama na karanta, na ga ai tambayata ya yi, kuma gaban mutane na ba shi amsa. Na koma kan goggo, mai rawar jiki, mai karɓar abin da ba a miƙa mata ba. Nan ma ban yi nisa ba na tuna ita ta yi wa yarinyar kitso tun tana ƙarama. Na juya kan tsohuwa, na rubuta layi biyu, tsoro ya kama ni, na yi ta istigfari. Matar da ta goya ɗiyata a baya ta taka da ƙafa neman magani lokacin ƙyanda, ita zan zaga tana kabari? To saura ni. Amma ni me na yi? Abin da aka koya mini na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Na rufe littafin ban samu mai laifi ba, ga kuma raina a ɓace.

Duk da haka ranar na iya cin tuwo da magariba, kaina kuma ya yi sauƙi. Wannan shi ne abin da na fara ganewa game da takarda. In ka kai wa mutum kukanka, kafin ka kai rabin magana ya ce ka yi haƙuri. Na san da alheri ake faɗa, amma rufe baki ne. Ita takarda ba ta ce mini haba, ba ta ce in yi haƙuri, ba ta zaro ido. Sai na kai ƙarshen maganata, ko da maganar banza ce, sannan in ga ashe ga inda ta nufa. Sau da yawa inda na nufa daban, inda na sauka daban.

Ba zan ce kullum daɗi na ji ba. Wata biyun nan da take Fakku, rubutun ya tono mini abubuwan da na binne na manta inda na binne su. Wani yini in tashi daga kan littafin sakayau, wani yini in tashi idona jawur in ce wa yara hayaƙi ne. Har na fara tunanin ko malamar nan cuta ta ƙara mini. Da can ina zaune lafiya da ciwon kaina, yanzu ga ciwon kai ga sanin dalili. Na kuma yi ta tambayar kaina, shin wannan ba ƙorafi ne kan hukuncin Allah ba? Shin ba gulmar mutane nake yi da biro ba? Ban tambayi kowa ba, don tambayar ma sai na faɗi abin da nake rubutawa.

Kuma kunyar kanta na kasa yanke mata hukunci. Wata rana in rubuta cewa zalunci ce. Washegari in ji maƙwabciyata tana kwaɗa wa ɗanta na fari kira ta kan katanga, sunansa ɓaro-ɓaro, in ji tsigar jikina ta tashi, in ce kai wannan mata ba ta da ta ido. To wanne ne ni a ciki? Maigida ya taɓa leƙowa ya same ni ina rubutu ya ce, "Malama, jarrabawa za a yi?" Na ce i, kuma shi ya riga ya faɗi. Ya yi dariyarsa ya wuce, bai san da gaske nake ba.

Wata safiya aka bugo waya, ta sauka lafiya, namiji. Yara suka yi ta tsalle. Ni na ce "Madalla," na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Ana jibi suna na kama hanya. Mota zuwa Kebbe, daga nan ɗan kabu-kabu, damina ta yi tsakiya, hanya duk laka. Sau biyu ina sauka ina takawa da ƙafa, yaji da kayan jariri a kaina. Littafin na cikin jaka, a naɗe cikin leda, ni kaina ban san me ya sa na ɗauko shi ba.

Ranar suna gidan goggo ya cika da mata. Mai jego na zaune bakin gado an yi mata lalle, jaririn na hannun wata tsohuwa. Ya fara kuka. Aka ce, "Karɓi ki ba shi nono." Ta juya fuska bango. Aka sake faɗa, ta ja mayafi ta rufe kai. Yaro na ta tsala ihu, sai da goggo ta dangwara mata shi a cinya tana yi mata faɗa, sannan ta ba shi, idonta na kan bango, ko hannu ba ta tallafe kansa da kyau ba. Mata suka ɗauki shewa. Wata ta ce, "Wagga ta gado uwatta! Kunya awa ta uwatta!" Duk aka juyo ana kallona ana murmushi, wata har da dafa mini kafaɗa. Na yi murmushin ni ma. Na fita kamar zan kewaya, na tsaya bayan rumbu, na ciro littafin na rubuta a tsaye: "Waina da miyar taushe. An yabe ni."

Washegari da sassafe goggo ta yi mata wanka. Ina zaune a tsakar gida ina jin ƙarar ganye yana sauka a bayanta, tururi na tashi ta saman zana. Ni aikin da aka ba ni damun kunun kanwa. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba, kishi mai zafi, a kan tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya. Da aka gama na zuba kunun a kofi na kai mata ɗaki. Goggo ta tafi wankin tsumma. Na duba na ga daga ni sai ita sai jaririn yana barci a gefe. Na yi ta tunani ban tuna ranar da muka taɓa zama mu biyu a ɗaki ba.

Ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta kurɓa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Adda, mun yi magana da babanai. Tunda surukata ta rasu, in anka yaye shi ke za a kai ma."

Wayyo Allah. Nan take na gan shi a bayana, na gan shi yana rarrafe a rumfata yana jan zanina, ina kiransa mijina ina yi masa waƙa, ba mai cewa na yi rashin kunya, don jika ba a jin kunyarsa. Duk abin da na rasa ga shi an miƙo mini a naɗe cikin zani. Ina son yaron nan, ina son shi har cikin ƙashina.

Na ce, "A'a."

Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali. A karo na farko a rayuwarta ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Har shi ma ba ki so?"

Na buɗe baki, na ji kunyar nan da na saba ta taso. Na dubi ƙofa. Da a ce shekara biyu baya ne, na san abin da zan yi, in ce "Sha kununki kada shi huce," in fita. Amma maganar da ke bakina na riga na rubuta ta sau bakwai ko takwas a watannin nan, na soke, na sake. Ta san hanya. Sai kawai ta fito, a jere.

Na ce mata ranar da muka bar Fakku a bayan motar hatsi muka hau. Tana tsaye ƙofar zaure riƙe da zanin tsohuwa, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗayan ya ɓace tun safe ana nema. Ta ɗaga mini hannu. Ban ɗaga ba, don ƙannen babanta na tsaye suna kallo. Na ce mata nonona ya kumbura kwana fuɗu, ina zagayawa bayan ɗaki ina matsewa a ƙasa ina rufewa da yashi, ina ce wa mutane zazzaɓi nika yi. Na ce mata ɗayan takalmin ba ɓacewa ya yi ba, ni na ɗauke shi na soke a ƙugu. Na ce, "Ba ƙin shi nika yi ba. Ina son shi. Amma in na karɓe shi, ke za ki hau motar nan. Riƙe abinki. Ko mi za a ce, a ce da ni."

Ba ta yi kuka ba, ni ce nake ta share hanci da bakin mayafi. Na zaci za ta ce wani abu, ko ta yafe ko ta yi faɗa, ko ta tambaye ni me ya hana ni faɗa tuntuni, wanda ba ni da amsarsa. Ba ta ce ko ɗaya ba. Har na fara nadama, na ce a raina shi ke nan, na zubar da girmana a banza, na kuma ɗora wa mai jego abin da ba ta iya ɗauka.

Jaririn ya motsa ya fara ƙananan kuka. Ta dubi ƙofa, ta dube ni. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauke shi da kanta, ta tallafe kansa, ta sa shi a nono, ta sunkuya tana kallon fuskarsa. Ta daɗe a haka. Can ta sa yatsa ta taɓa tsakiyar ƙirjinta.

Ta ce, "Adda, tun randa anka haife shi wani abu ya tsaya mini nan. In ya yi kuka sai in ji kamar numfashina zai ɗauke. In ya yi barci kuma tsoro nika ji, in ta duba ko shina numfashi. Ban faɗa ma Goggo ba. Na aza ciwo ne."

Na ce, "Ba ciwo ba ne."

Ta ce, "To yaushe shika bari?"

Na ce, "Nawa dai shekara ashirin ke nan, bai bari ba."